Shagon Ƙarshe a Bakin Tashar Safana

Katafila ta riga ta cinye layin teloli da na masu gyaran rediyo, amma Malam Sada mai turare bai fasa buɗe shagonsa ba.

Kowa a Batsari ya yarda shagunan bakin tasha sun tsufa. Kwanon rufi ya yi tsatsa, ruwan damina na kwana a tsakar layuka, ɓeraye sun fi masu saye yawa. Da aka zo da maganar rushe su a gina na bulo a tsallaken titi, a kuma mayar da tashar motocin Safana can bakin sabuwar kwalta, 'yan kasuwa suka yi ta hamdala. Mutum ɗaya ne ya ce bai yarda ba.

Sammani, shugaban 'yan kasuwar, ya zo har shago ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙo waya mai hoton sabon ginin.

"Baba, duba ka gani. Har da baranda. Kai muka ba na farko a layi."

Malam Sada ko kai bai ɗaga ba. "Mai da abinka aljihu, Sammani. Nan ɗin ya ishe ni."

Aka ce taurin kan tsufa ne. Wasu suka ce girman kai ne ya shige shi, don tun shekarar da matarsa Kande ta kwanta ciwon ajali ya sake hali. Mutumin da a da tun daga nesa yake kwaɗa maka sallama, yanzu sai ya wuce ka in ba kai ka fara magana ba. Ya bar cin kasuwar Wagini. Ya bar zuwa suna da ɗaurin aure. Daga gida sai masallacin ƙofar gida, sai shago.

Ita wannan hanyar ta shago yana ji da ita. Kullum da hantsi zai fito ya bi gindin doguwar katangar makaranta har kwanar da mai ƙosai ke suya. Daga nan zai jiyo 'yan kamasho suna ta "Safana! Safana! Saura mutum ɗaya!" sai ya nufi wajensu, shagonsa na bayan rumfarsu. Kwalabensa ba su da suna a jiki. Murfi kawai yake buɗewa ya kai hanci, ya gaya maka ko wanne ne, masu saye suna jinjina masa.

'Yarsa Ramlat tana aure a Katsina, kuma ba ta gajiya da kira. Duk ranar da aka ji harbin 'yan bindiga ta wajen Ruma sai ta bugo tana kuka, ya tattara ya dawo wurinta. Yakan ce mata lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, yana ciniki. Ya san dalili ɗaya tak take jira ta turo mota. Shi kuwa a garin nan aka binne Kande, kuma har yau in ya buɗe ɗakinta yana jin sauran turaren wutarta a labule.

Maƙwabta suka yi ta kwashewa ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin da ke aiko masa da kofi ya tashi. Mai ƙosai ma ta bi jama'a. Ya zama sai ya wuni a kan buzunsa ba wanda ya ce masa sannu, sai kukan katafila da ke ƙara matsowa, kwalabe suna karkarwa a kan kanta.

Ana haka zazzaɓi ya kayar da shi. Yana kwance Sammani ya leƙo dubiya, ya gaya masa cikin ladabi cewa ɗan kwangila ya ƙi ƙara jira, an kwashe masa kaya an jera a sabon shago, ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Ya ajiye masa makulli kusa da filo.

Ranar da ya ji ƙarfi, ya sa hularsa ya fito. Ya bi katangar makaranta kamar kullum, amma tun kafin kwana katangar ta ƙare, an yanke ta don faɗaɗa titi. Ya ci gaba a hankali, ɓaraguzai suna gurɗe masa ƙafa. Ya tsaya ya kasa kunne. Ba mai kiran Safana. Ba komai sai iska da ke wucewa ta inda a da gine-gine ke tare ta.

Ya juya dama, ya yi 'yan taku, ya dawo. Ya sake juyawa. Wani ɗan acaɓa ya danna masa oda: "Tsoho, kauce mana!" Ya kauce, ya kuma tsaya. Rana ta hau ka, gumi ya jiƙa masa riga, makullin ya yi zafi a tafinsa. Mutane suna ta wucewa, bai kira kowa ba.

Can ya ji babur ya tsaya kusa da shi.

"Subhanallahi, Baba! Me kake yi a cikin wannan rana?" Sammani ne. "Ai ga shagonka nan gabanka, mai koriyar ƙofa. Shi kake kallo ma."

Malam Sada ya san kafin magariba labari zai kai Katsina, gobe kuma mota za ta tsaya a ƙofar gidansa. Ya miƙa hannu cikin iska, can gefe da inda Sammani yake tsaye.

"Kama ni ka kai ni, ɗana," in ji shi a hankali. "Idanun nan sun mutu tun Kande na da rai, ita kaɗai ta sani."