Kiɗan da Ba Ta Koya Ba

"Rungume shi kamar jariri, 'yata," in ji mai kantin, tsohon Balarabe haihuwar Fagge, wanda yaƙin Beirut ya koro garin Wheaton na Amurka. "Mai koyo ba ya zaɓen ud da ido. Wanda ya zauna daidai a cinyarki, shi ne naki."

Ƙoƙon katakon ud ɗin, molon Larabawa, ya kwanta a jikinta da sanyi.

Tun tana yarinya aka hana ta kusantar garaya. Mahaifiyarta da ta ji an kaɗa tsirkiya sai ta faɗi, wata murya ta riƙa magana da bakinta, dangi kuma suka ce abin gado ne. Son kiɗa bai bar ta ba. Ta daure har karatu ya kawo ta Amurka, sannan ta zaɓi molon Larabawa, don a ganinta iskokin gidansu ba su san muryarsa ba.

"Taɓa tsirkiya ɗaya mu ji."

Ta taɓa, amma yatsunta ba su tsaya ba. Suka hau, suka sauka, suka kama wani kiɗa mai sauri.

Murmushin tsohon ya ɗauke. "Ba kin ce ba ki iya ba? Rabona da wannan kiɗan tun Kano, a bayan gidanmu, ranar da mata ke faɗuwa. Ajiye shi, 'yata."

Ta so ta ajiye. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, sai wata murya mai kauri, ta namiji, ta fito daga maƙogwaronta.

"Naɗe mana shi. Mun daɗe muna neman yarinyar nan."