Injin Lissafin Malam Barau

A bulala ta takwas ne ɗan yatsan Zulaihatu ya yi ƙas, kamar an karya karan dawa. Malam Barau bai tsaya ba. Saura biyu, kuma sai da ya cika su.

Dokar ajinsa ke nan a firamaren Ketare. Ya rubuta lissafi a allo, yara su yi nasu da tsakuwa da guntayen kara, shi kuma ya zaro injin lissafi daga aljihu ya latsa. Abin da inji ya faɗa shi ne gaskiya. Wanda ya kuskure da biyu, bulala biyu. Wanda ya kuskure da goma, goma.

Shekarun nan ne ƙasa ta sami arzikin man fetur, gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina, malamai suka yi kaɗan. Horon 'yan watanni aka yi wa Barau aka turo shi. Injin kuwa wansa ne ya ba shi a Kaduna, ɗan baƙin abu bai fi sabulu ba. Da farko har dattawa yake nuna wa a zaure, su ba shi lissafi, lambobi su fito ja wur, su yi ta salati. Da kaka ta yi sai ya daina. Ya ce rana da idon mutane na lalata shi. Yanzu da tafin hannu yake kare fuskar injin, ya leƙa shi kaɗai, ya faɗi amsa.

A da daƙiƙai ke shan duka. Daga kakar nan har masu ƙoƙari suka shiga layi, Zulaihatu a kan gaba. Sau ɗaya ta kai kuka wurin ubanta Rabo, ya ƙara mata da mari. "Ke kin fi injin Turawa sani ne?" Ba ta sake faɗa wa kowa ba.

A shagon ƙofar gidan Dada, kakar yarinyar, malamin ke zaune. Ita ke aika masa tuwo, ita ke share masa ɗaki in ya fita, don ba ta yarda da ƙazanta ko ta baƙo ce. Sha'anin boko dai ba ta shiga.

Ranar da yatsan ya karye tana tsakar gida tana tsince wake, ɗan rediyonta na tsarabar Makka, wanda ya shekara shiru, yana ta waƙa a gefenta. Sai ga jikarta, hannu ya kumbura suntum, yatsa ya kalli wani gefe.

Dada ba ta yi salati ba. Ta ja yatsan ta miƙe shi, yarinya na ihu, ta ɗaure da kara da tsumma. Sannan ta ce, "Mi ya tambaye ku?"

"Amalanke bakwai, kowace da dami sha biyu. Na ce tamanin da huɗu. Inji ya ce saba'in da huɗu."

"Kin ga injin da idonki?"

"Ba ya nuna mana, Dada. Tun kaka."

Tsohuwa ta kashe rediyo. Sai ta ƙulle wake a bakin zane, ta saɓi taɓarya.

Kafin ta isa makaranta rabin unguwa na bayanta, har da Rabo da dattijon unguwar, Alhaji Mani. A ƙofar aji ta durƙusa ta yi kashi bakwai na wake, kowane sha biyu. "Alhaji, ƙirga mana, ni ban yi boko ba."

Ya ƙirga. Tamanin da huɗu. Ya sake, a hankali. Tamanin da huɗu.

"Malam," in ji Alhaji Mani, "miƙo wanga inji mu gani."

Zufa ta jiƙa wuyan rigar Barau. Ya damƙe injin a hagu, ya ɗaga bulala da dama yana cewa a fitar masa da tsohuwar nan daga harabar gwamnati. Bulalar ba ta sauko ba. Taɓarya ta riga ta, ta sami wuyan hannunsa, ƙashi ya amsa. Inji ya faɗi ƙasa.

Alhaji Mani ya sunkuya zai ɗauka. "A kai wa mai gyaran rediyo Kankara, ya buɗe ya ga mi ya same shi."

Dada ta ture shi da kafaɗa. Ta dinga kirɓa injin kamar mai surfe, maza biyu na jan ta, ba ta bari ba sai da ya zama gari. Ta tattara ɓaraguzan tsaf ta zuba a bakin zanenta.

Iyayen yara kuwa sun riga sun rufe malamin da duka. Rabo ne ya ƙwace bulalar ya fara, wasu suka bi da sanduna. Barau na birgima cikin jini yana cewa, "Wallahi da kansa ya mutu! Tun kaka bai ƙara kawo wuta ba, ban san mi ya same shi ba!" Ba wanda ya saurara. A bayan motar hatsi aka jefa shi zuwa Kankara, haƙora biyu babu.

Mata suka raka Dada gida suna yaba mata, ita kaɗai ta ƙaryata injin Turawa. Ta leƙa ɗaki, Zulaihatu na kwance rungume da hannu, yatsan da ba zai ƙara miƙewa daidai ba.

Ta ɗauki rediyonta ta zaga bayan gida. Ta zazzage ɓaraguzan a masai. Sannan ta buɗe 'yar ƙofar bayan rediyon, ta zaro ƙananan batiran nan biyu da ta cire daga injin malam ranar da take share masa ɗaki, tun kaka, ta jefa su ciki.