Bismillar Maƙwabci

Tun da hukumar lafiya ta raba farantai masu ƙirga lomar kowa don rage ƙiba, Malam Tanimu ya daina amsa bismillar mutane. Shi tsayayyen tsari ya zaɓa, kullum tuwon dawa da zogale, in ya kauce a janye masa maganin suga. Maƙwabcinsa Mamuda kuwa ƙirgen loma ya zaɓa, yana cin son ransa, tumbi na ƙaruwa, amma hukuma sai yabonsa take yi. Abin ya daɗe yana damun Tanimu.

Ran nan ya tarar da Mamuda a zaure, gaban waina da miyar taushe.

"Bismillah mana, Malam."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Bai ko tsuguna ba, sai farantin ya ce, "Barka da dawowa, Malam Tanimu. Wainar da ka ci jiya ta wuce ƙa'idarka."

Ashe lomar Mamuda a kan Tanimu ake ƙirga ta. Mamuda ya ci gaba da suɗe yatsunsa.