Kilo Casa'in da Shida

Duk ranar Juma'a da hantsi, kafin ya gama buɗe shago, Falalu yakan tuɓe takalmi ya hau sikelin buhu. Zai rataya duwatsun tagulla, ya tura ɗan ƙarfen har sandar ta tsaya cak. Casa'in da shida. Sai ya sauko yana murmushi shi kaɗai.

Abu biyu Falalu yake taƙama da su a unguwar Paris-Congo: jikinsa da sikelinsa. Shekara biyu ke nan da ya baro Gusau ya zo garin nan da ake ciniki da Larabci, Larabcinsa kuwa har yau bai wuce gaisuwa da "kalas", wato shi ke nan, ba, don haka sikelin ne yake masa magana. Matan da ke sayen gero da gyaɗa sun gwada awonsa sun ga babu cuta, suka riƙa turo juna. In aka cire wannan suna, ba abin da ya mallaka a garin nan, kuma ya sani.

Jikin ne ya fara ba shi kunya. Wata rana ya sunkuya zai ɗaga buhun shinkafa a gaban mata, buhun ya ƙi tashi, shi ya zauna daɓas. Aka yi dariya har da tafi. Washegari ya tafi unguwar Goudji wurin Nafiou, wani mutumin Maradi mai ɗakin ɗaga ƙarfe.

"Damatsa nake so su fito, ƙirji ya rabu biyu," in ji Falalu. "Amma kada in ragu ko kilo ɗaya. Ɗan kasuwa in ya rame, cewa ake ko jari ya karye ko ciwo ya kama shi."

Nafiou ya ce abu ne mai sauƙi: ƙarfe mai nauyi, babu guje-guje, sai nama da ƙwai da wake.

Da ya koma gida ya kira matarsa Ummu Salma, 'yar maƙeran Zinder, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki. "Nawa ɗaga ƙarfe, naki tukunya. Duk Juma'ar da sikeli ya ce na ragu, Asabar kina cikin motar Zinder, ki je gyatumarki ta sake koya miki girki." Shi a ransa rabin wasa ne. Ita ba ta yi dariya ba.

Ai kuwa ta duƙufa. Tuwo malmala huɗu, farfesun kifi, ƙwai kamar ana biki. Har da abin da ba a sa ta ba: duk Alhamis sai ta ce ya zo mata da duwatsun sikeli ta wanke su da toka da lemun tsami, wai ba ya kyautu babban mutum ya hau awo da duwatsu masu dauɗa. Da safe za ta miƙo su suna walƙiya. Falalu ya ce lallai barazana tana gyara mace, har ya ba maƙwabcinsa shawarar ya gwada.

Wata huɗu, damatsa suka fito. Falalu ya koma sa riga mai gajeren hannu, yana ɗaga buhu ko ba a ce a ɗaga ba. Zariyar wando kam kullum sai ya ƙara jan ta, amma Nafiou ya ce tsoka ta fi kitse nauyi, ga kuma sikeli yana ba da shaida. Casa'in da shida, ba daɗi ba ragi.

Albarka ma sai ta shigo shagon. Buhun geron da a da yake ƙarewa ran Talata, yanzu yana kaiwa Laraba. Matan ne dai suka fara ja baya. Wata mai ƙuli-ƙuli ta ce gyaɗarsa ta daina cika mata tukunya. Falalu ya yi fushi, ya ce hassada ce, sun ga jiki ya yi kyau.

Ran wata Alhamis da hantsi, Alhaji Issaka, dattijon 'yan hatsi, ya iso da ƙaramin ma'auninsa da nasa duwatsun, mata a bayansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗora dutsen Falalu a gefe ɗaya, nasa a ɗaya gefen. Na Falalu ya yi sama kamar fanko. Dattijon ya kifa dutsen, ya shafa gindinsa da yatsa. An cinye shi sumul, babu ko zane.

"Wannan aikin gwani ne, Malam Falalu," ya ce.

Falalu ya rantse, ya sake rantsewa, Larabcin ya ƙare masa ya koma Hausa. Ba wanda ya saurara. Aka kwashe duwatsun, aka ce ya rufe shago sai dattawa sun zauna. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. A hanya ya lissafa maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan maƙwabcin nan da ya ba shawara.

Ya shiga gida da azahar, ya zauna bakin ƙofar madafa, ya ture kwanon tuwo. Ummu Salma ta daɗe tana duban ramin wuyansa, ta yi ajiyar zuciya.

"Yau Alhamis, maigida. Ina duwatsun?"

"An ƙwace su."

Ta dafe ƙirji, hawaye suka cika mata ido. Sai ta zaro magagarin babanta na goge ƙarfe daga cikin kwanon toka, haƙoransa cike da garin tagulla.

"Na shiga uku! To gobe da me zan cike maka kilo taran da ka zubar?"