Kwanon da Bature Ya Ba Baba

Na toshe hanci ina fitar da kayan marigayi Baba a gidanmu na Bodinga: tsummokara masu warin ɓera, buzun da kyankyasai suka cinye, goron da ya yi hunhuna. Duk na ƙone. Abu ɗaya mai tsabta na bari, farin kwano mai mariƙi da Bature ya ba shi.

Da Sodangi mai nemana, boyi a gidan Di'o Baturen mulki, ya zo, a ciki na dama masa fura. Sau biyu na ɗanɗana don kada in ji kunya.

Ya dubi kwanon, ya ja baya.

"Safinatu, kin sha?"

Na gyaɗa kai.

"Irin wanga ƙarƙashin gado shika kwana. Ciki Turawa ka hitsari."