Bishiyar Ƙyallaye

Fiachra na ƙoƙarin tada ƙaramar motar 'yan yawon buɗe ido, sai Nuala mai motar ta leƙo ta taga.

"Ɗan nan, ka kai su kangon gidan ibada, ka kai su bakin teku. In kun isa rijiya kuwa, ka ɗinke min bakin nan naka. Baƙo ɗaya ya ƙara kawo ƙararka, ka ajiye min makullina."

"Na ji, uwar ɗakina."

Mutum tara ya ɗauka. Suka ga kaburburan dutse a kan tudu, da rusasshiyar ganuwa, tumaki na kiwo a cikinta. Da rana ta take, cikin yayyafi, suka iso tsohuwar rijiyar waliyyi a bayan wata gona a yankin Sligo. Bishiyar ƙaya ta sunkuyo a kanta, duk jikinta ƙyallaye. Mai majinyaci kan tsoma ƙyalle a ruwan ya ɗaura a reshe. Yadda ƙyallen ke ruɓewa, haka ciwon ke zagwanyewa.

Fiachra ya zaro tsummokin auduga daga aljihu yana rabawa. Kullum da su yake fitowa, shi ke yanka su da hannunsa.

Wata dattijuwa daga Kanada ta ƙi karɓa. Ta kwance jan zaren nailan daga gashinta, ta tsoma a ruwa.

"Mijina na asibiti. Shi ya saya min wannan."

"Mama, don Allah ba wannan ba. Ba ya ruɓewa."

"Ai shi ya sa na zaɓe shi, yaro. Don ya daɗe."

Ta ɗaura abinta. Fiachra ya tuna da Nuala, ya tuna da makulli. Ya miƙa hannu ya kwance zaren, ya danƙa mata tare da tsumma ɗaya.

"Kai wane ne? Bishiyar ubanka ce?" Ta nuna reshen sama, inda wani ƙyalle rawaya ke sheƙi a tsakiyar waɗanda suka koɗe. "Wancan fa? Me ya hana ka cire shi?"

"Wani wawa ne ya ɗaura shi. Cire shi ba zai gyara komai ba yanzu."

Nan take ta kira Nuala a waya. Amma da sauran suka shiga mota, ya hango ta ta madubi, tana ɗaura tsumman audugar, leɓunanta na motsi.

Da yamma ya ajiye makulli ba tare da gardama ba. Ya taka a ƙasa har maƙabartar coci, ya durƙusa a gaban dutsen kabarin ƙanwarsa Dervla.

Shekara uku ke nan da ya yanki sabuwar rigar ƙwallonsa rawaya ta nailan, mafi tsadar abin da ya mallaka, ya hau reshen sama ya ɗaura mata tana kwance ba lafiya, kuma har yau ruwan sama bai ci ko zare ɗaya a jikin ƙyallen ba.