Kwana Uku a Bakin Tafki

Sandar tanti mijinta ya rarumo, ya sauke mata biyu a gadon baya, ta uku a baki, don kawai ta tambaye shi kwana nawa zai yi da abokansa a bakin tafkin nan na cikin duwatsu.

"Kwana uku! Ke uwata ce da za ki tuhume ni?"

Ta tofar da jini, ta ci gaba da ɗaura masa guzuri, kilishi da ganyen shayi da sukari. Amsar da take nema ke nan, kuma ta samu.

Washegari, mijin da abokansa suna shan kwana da jakunkunansu, ta goya 'yarta, ta bar ƙofa a buɗe, ta kama hanyar Gaffati a ƙasa, zuwa gidan ubanta.